Sharuɗɗan karɓar ɗariƙar Tijjaniyya: ina iyakar hana ziyara, ina kuma matsayin zumunci?

Abu Hafsa:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da malamaina na wannan zaure, ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A gidan Tijjanawa na tashi, tun ina yaro nake zama a bayan da'ira idan mahaifina da abokansa suna wazifa bayan magariba, amma ban taɓa karɓar ɗariƙa da bakina ba. Bana na yi niyya, na sami wani muƙaddami, wato mai izinin ba da ɗariƙa, a unguwarmu, shi kuwa bai ba ni nan take ba, sai ya karanta mini sharuɗɗa ya ce in tafi in yi wata guda ina tunani. Cewa ba zan haɗa wuridin da na wata ɗariƙa ba, da cewa ba zan bar shi ba har mutuwa, waɗannan biyun na fahimce su. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne hana ziyarar waliyyai. Matata 'yar gidan Ƙadirawa ce, surukina ba ya fashin Maukibi a Kano, kuma idan ya je Sakkwato ba ya dawowa sai ya shiga Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har sau biyu ni na tuƙa shi. Ga kuma ƙanena da muke ciki ɗaya, wanda ba ya ɓoye sukarsa ga ɗariƙa, alhali na ji akwai sharaɗin nisantar masu suka. Idan na karɓa, ke nan na rabu da surukina da ƙanena?

Baba Muƙaddami:
Wa alaikumus salam. Ɗana, muƙaddamin da ya ce ka je ka yi tunani ya san aikinsa, domin an daɗe ana kokawa da masu ba da ɗariƙa a tsakiyar taro ga mutanen da ko sharaɗi ɗaya ba a karanta musu ba. Bari in fara da asali. Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, an haife shi a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a Fas ta ƙasar Maroko a 1815. Almajirinsa Sidi Aliyu Harazimi ya tattara maganganunsa a Jawahirul Ma'ani, daga baya Shehu Umarul Futi ya jero sharuɗɗan a Rimahu, kuma idan an ƙirga su sun haura ashirin. Mutane sun fi riƙe uku ɗin da ka ambata ne saboda su ake sa muridi ya amsa da bakinsa kafin a yi masa talƙinin wuridin.

Ziyarar da aka hana ita ce ta neman madadi, wato ka nufi wani waliyyi, rayayye ko wanda ya rasu, kana neman ya zama maɓuɓɓugar da zuciyarka za ta sha daga gare ta. An togace Annabawa da Sahabbai da kuma 'yan'uwa na cikin ɗariƙa. Hikimar a wurinmu ita ce mara lafiya ba ya haɗa magungunan likitoci biyu a lokaci guda. Amma zuwa gaishe da malami, ko ɗaukar karatun fiƙihu da nahawu a gabansa, ko dubiya, ko ta'aziyya, ko ɗaurin aure, babu wanda ya hana, ko da malamin Baƙadire ne. Kai, cikin sharuɗɗan ma akwai girmama dukkan waliyyan Allah, wanda ya wulaƙanta ɗaya daga cikinsu ya saɓa wa Shehu kafin ya saɓa wa kowa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni Baƙadire ne, kuma ina neman afuwa idan na ce bayanin nan ya yi daɗi a rubuce amma bai warware wa Abu Hafsa matsalarsa ba. Maukibi ba gaisuwar malami ba ce. Ana yin sa ne don tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, ana tafe ana zikiri da bandiri, kuma ziyarar maƙabartun bayin Allah na cikin Kano ita ce ƙashin bayansa. Wanda ya shiga Hubbare ma ba yawon buɗe ido ya je ba, albarka yake nema. To idan ya tuƙa surukinsa har ƙofar Hubbare, sai ya tsaya a mota kamar direban haya? Ni a wurina wannan ya fi rashin zuwa ciwo ga dattijon.

Baba Muƙaddami:
Gaskiyarka, ɗana, ba zan yi kwana-kwana ba. Fita Maukibi da niyyar da Ƙadirawa suke fita da ita, da shiga Hubbare don neman tabarruki, sun shiga cikin abin da Batijjane ya yi alkawarin bari. Abin da na ji daga malamaina shi ne, wanda hanya ta bi da shi ta kabarin wani bawan Allah zai yi sallama, ya yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi, ya wuce. Akwai masu tsanantawa da suke ganin ko shigar ma kada a yi, gudun kada zuciya ta karkata. Wannan shi ya sa nake ganin Abu Hafsa ya mayar da tambayar ga wanda zai ba shi ɗariƙar, tunda hannunsa zai kama.

Abu Sumayya:
Ina yi wa kowa sallama. Ni ba ɗan ɗariƙa ba ne, kuma na san ra'ayina ba shi ne na mafi yawan 'yan zauren nan ba, amma tambayar ɗan'uwa ta taɓo abin da nake ganin shi ne tushen matsalar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin ziyarar kaburbura don tuna lahira, bai ware kabarin wane da wane ba. Ta yaya wani zai zo bayan shekara dubu da ɗari biyu ya haramta wa mabiyansa abin da shari'a ta halatta, ya kuma wajabta musu zikiri mai adadi da lokaci wanda idan ya kuɓuce sai an rama shi kamar sallah? Ba zagi nake yi ba, hujja nake nema.

Malamin Nahawu:
Malam Abu Sumayya, tambayarka a kan hanya take, kuma amsar da malaman ɗariƙa suke bayarwa ita ce babin bakance. Istigfari da salati da hailala mustahabbai ne a kan kowane Musulmi, babu mai cewa farilla ne. Amma wanda ya yi wa Allah alkawarin wata ibada ta nafila, ta zama wajibi a kansa shi kaɗai saboda alkawarin, ba don an ƙara wani abu a addini ba. Lazimi kuwa, wato wuridin ɗariƙar na kullum, ba wani baƙon abu ba ne: istigfari 100, salatin Annabi 100, la'ilaha illallahu 100, safe da yamma. Wazifa ita ce istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, sau ɗaya a yini ko sau biyu. Sai zikirin Juma'a bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Lazimi da wazifa ana rama su, zikirin Juma'a idan lokacinsa ya wuce ya wuce. Barin ziyarar neman albarka kuma barin halal ne da zaɓin mutum, ba wanda ya ce haramun ce a kan sauran Musulmi.

Abu Sumayya:
Na gode, Malam. Sai dai tunda Malikiyya muke karantawa a ƙasar nan, ai ka san malaman mazhaba sun karhanta bakance mai maimaituwa, kamar mutum ya ce ya ɗora wa kansa azumin kowace Alhamis. To ina ga wanda ya ɗora wa kansa abu safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa? Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne gargaɗin da ake yi wa wanda ya fita daga ɗariƙa cewa ana jiye masa mummunar cikawa. Mutumin da ya bar wuridi amma yana sallah yana azumi, da wane dalili za a tsorata shi haka?

Malamin Nahawu:
Maganar karhancin haka take, ban musa ba. Dalilin da malamai suka bayar shi ne tsoron kada nauyin ya gajiyar da mutum ya riƙa yin ibadar cikin ƙosawa ko ya yi sakaci da ita, kuma duk da karhancin sun ce idan ya riga ya ɗauka sai ya cika. Ni a ganina wannan hujja ce a kan masu gaggawar karɓa da masu gaggawar bayarwa, ba hujja ce ta rushe abin ba. Game da gargaɗin kuwa, yana nan a littattafanmu, ba zan ce babu ba, kuma ni kaina yana yi mini nauyi duk lokacin da na karanta. Yadda na fahimce shi, magana ce a kan wanda ya warware alkawari yana mai wulaƙanci da izgili. Hukuncin cikawar kowa kuwa a hannun Allah yake, kuma cikin sharuɗɗan kansu akwai cewa muridi kada ya taɓa amincewa da makarun Allah, wato kada ya ɗauka carbinsa ya riga ya saya masa Aljanna. Da 'yan'uwanmu sun riƙe wannan sharaɗin da kyau, da an rage jin wasu maganganu na alfahari da ake yi a majalisai.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, na goge saƙonni uku da suka koma kan falalar Salatul Fatihi da kafirta juna. Wannan wata muhawara ce daban, kuma an sha yin ta a nan. Mu tsaya a kan tambayar Abu Hafsa: sharuɗɗan da yadda suka shafi zamansa da iyalinsa. Malam Abu Sumayya da Malamin Nahawu sun nuna mana yadda ake saɓani cikin mutunci.

Hajiya 'Yar Dosso:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake rubutu, kuma Kiota ba ta da nisa da mu, garin Shehu Abubakar Hashimu, inda Sayyida Ummul Khairi 'yar Shehu Ibrahim Inyass ta yi shekaru tana karantar da mata. Ina so in ja hankalin ƙanena Abu Hafsa ga sharuɗɗan da ba a cika yin wa'azi a kansu ba, alhali su ne suka fi shafar tambayarsa. A cikin jerin nan da Baba ya ambata akwai biyayya ga iyaye, akwai kiyaye salloli biyar a kan lokaci cikin jam'i gwargwadon iko, akwai kuma hana yanke hulɗa da bayin Allah, musamman 'yan'uwa. Waɗannan ba ƙawa aka sa su ba, matsayinsu ɗaya da adadin da ake ja a carbi. Amma sai ka ga mutum idan ya yi kokwanto ko hailalarsa 99 ce ko 100 hankalinsa ya tashi, ya yi ta neman malamin da zai gaya masa yadda ake gyara, alhali shekara biyu ba ya magana da yayarsa saboda gadon gona, kuma wannan bai taɓa hana shi barci ba.

Ni mijina ba Batijjane ba ne, shekara ashirin da ɗoriya muna tare. Ina lazimina a ɗakina a asirce, shi yana karatun Alƙur'aninsa a zaure. Ban taɓa jin malamin da ya ce aurenmu yana da matsala ba, domin babu sharaɗin da ya ce sai ɗan ɗariƙa za a aura. Mu mata ma an sauƙaƙa mana: ba a ɗora mana fita wazifar jam'i ba, kuma mai haila da mara lafiya an ba su zaɓi a kan lazimi, idan sun bari babu ramuwa. Wanda ya sauƙaƙa wa mace haka ba zai zama shi ne ya ce a raba ta da mahaifinta ba.

Wani abu kuma, tunda ana maganar ladubban taro. Na taɓa ganin zikirin Juma'a da aka tare babbar hanya da shi har motar da ta ɗauko mai naƙuda ta rasa wurin wucewa, masu tsaron da'irar kuma suna ganin jihadi suke yi. Ban san littafin da aka samo wannan a ciki ba.

Ɗalibin Tarihi:
Hajiya ta faɗi abin da ya kamata. Ina so in ƙara da cewa maganar zaman Tijjanawa da Ƙadirawa tsohuwa ce, kuma ta taɓa zama ta jini. Shehu Umarul Futi da ya rubuta waɗannan sharuɗɗa ya zauna shekaru a Sakkwato a shekarun 1830, baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, har Bello ya aurar masa da 'yarsa, alhali gidan Shehu Usmanu gidan Ƙadiriyya ne. Ke nan mutumin da ya fi kowa tsananta maganar keɓewa da wuridi ɗaya shi kansa surukin Ƙadirawa ne, kamar dai Abu Hafsa. Rikicin ya zafafa ne daga baya, bayan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajji na 1937, malaman Salga na Kano suka karɓi faila, wato tafarkin Shehu Ibrahim a cikin Tijjaniyya, ɗariƙar ta bazu cikin 'yan kasuwa da matasa. A shekarun 1950 an yi tashin hankali a wasu garuruwan lardin Sakkwato tsakanin Tijjanawa da Ƙadirawa, kuma abubuwan da ake faɗa a kansu na zahiri ne: wazifa da ƙarfi a masallaci, shimfiɗa farin ƙyalle, da ƙabalu maimakon sadalu a sallah. Siyasar jam'iyyu ta lokacin ita ma ta shiga ciki ta ƙara rura wutar. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 sai ɗariƙun biyu suka ga abin da ya haɗa su ya fi wanda ya raba su, shi ya sa yau za ka ga shehunnansu a kan tabarma ɗaya a wurin maulidi.

Ko a cikin Tijjaniyya kanta, adadi ya taɓa raba mutane. Mabiya Shehu Hamahullahi na Nioro a ƙasar Mali suna karanta Jauharatul Kamali sau 11 maimakon 12, kuma wannan bambancin na ƙwayar carbi ɗaya ya zama tutar ɓangaranci, Turawan Faransa suka shiga tsakani, suka kore shi daga ƙasarsa har ya rasu a Faransa a 1943.

Alhaji na Kumasi:
Mu a zangon Kumasi abin da ɗalibi ya faɗa mun gani da idonmu, gida ɗaya uba Batijjane ɗa Ahlussunna, kuma akwai lokacin da abin ya kai ga faɗa a masallatai. Amma ina da tambaya ga Baba a kan farin ƙyallen nan, domin 'ya'yana suna tambayata ina kame-kame. Sharaɗi ne, ko al'ada ce? Na ga wuraren da ake shimfiɗa shi tun farkon wazifa, na ga inda sai an kusa shiga Jauhara.

Baba Muƙaddami:
Alhaji, ƙyallen mustahabbi ne, wazifa ba ta ɓaci don babu shi. Abin da yake sharaɗi ga Jauharatul Kamali shi ne alwalar ruwa da wuri mai tsarki, shi ya sa wanda ya yi taimama, ko yake tafe a kan abin hawa, ba ya karanta ta, sai ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. Mutanen ɗariƙa sun yi imani cewa daga karatu na bakwai Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da halifofinsa huɗu suna halartar majalisin, ƙyallen kuwa girmamawa ne da ƙarin tabbatar da tsarkin wurin. Wanda bai yarda da wannan ba ba za mu ja da shi a nan ba. Amma wanda ya yarda, to hujja ta hau kansa: ba zai zauna a da'ira yana duba waya ba, ba zai zo da warin taba a bakinsa ba, tunda ita ma an hana ta a ɗariƙa, kuma ba zai zauna gwiwa da gwiwa da ɗan'uwan da yake gaba da shi ba tare da sun sasanta ba.

Saura batun ƙanenka, Abu Hafsa, wanda ban taɓo ba tun ɗazu. Nisantar masu suka yana cikin sharuɗɗa, gaskiya ne. Abin da ake nufi shi ne kada ka zauna a majalisin da ake cin mutuncin Shehu kana saurare, domin zuciya tana ɗaukar tsatsa daga abin da kunne yake ji. Idan zancen ya taso, ka ce masa ku bar wannan, idan ya ƙi ka tashi ka ba shi wuri, gobe ka koma ka gaishe shi ka tambayi lafiyar 'ya'yansa. Sada zumunci Allah ne ya wajabta shi a Alƙur'ani, sharaɗin ɗariƙa kuwa kai ka ɗora wa kanka, kuma an ruwaito daga Shehu Tijjani kansa cewa a auna duk abin da aka ji daga gare shi da ma'aunin shari'a, wanda ya dace a ɗauka, wanda ya saɓa a bari.

Abu Sumayya:
Baba, wannan magana ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ko da yake ni da kai za mu saɓa a kan abin da ma'aunin zai nuna. Kuma ina shaida cewa irin wannan laifin muna da shi a ɓangarenmu, akwai matasan da suka daina cin abincin gidan iyayensu saboda carbi.

Abu Hafsa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i na koma wurin muƙaddamin da tambayoyin nan. A kan ƙanena, maganarsa ɗaya da ta Baba. A kan Hubbare kuwa yana cikin masu tsanantawa, ya ce in kai surukina in jira shi a waje, kuma in gaya masa dalili tun kafin mu tashi daga Kano don kada ya ji abin a bakin ƙofa. Na yi wa surukin nawa maganar yau da safe, gabana yana faɗuwa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma da ya karɓi Ƙadiriyya akwai abin da ya yi alkawari, kuma ya fi son surukin da yake cika alkawari, amma ranar Maukibi ni zan riƙa kawo wa baƙinsa abinci daga gida, wannan babu sharaɗin da ya ɗauke mini. Ban karɓa ba tukuna, saura kwana tara watan ya cika. Abin da ya rage mini shi ne lokaci: aikin dare nake yi, ina tashi ƙarfe bakwai na safe a gajiye, ina tsoron lazimin safe ya riƙa kuɓuce mini.

Baba Muƙaddami:
Wannan mai sauƙi ne, ɗana. Zaɓaɓɓen lokacin lazimin safe daga bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, amma ga mai uzuri yana nan har faɗuwar rana, don haka ko ka yi barci ka farka da azahar ba ka shiga ramuwa ba. An kuma yarda a gabatar da shi tun cikin dare, bayan isha'i da gwargwadon karatun izu biyar, muddin ka kammala kafin alfijir ya keto. Idan wurin aikin naka akwai ruwan alwala da inda za ka zauna minti ashirin ba mai yi maka magana, ka yi shi a lokacin hutunku. Ka dai faɗa wa muƙaddaminka irin aikin da kake yi kafin ranar.